FOB ko CIF? Abin da kalmomin jigilar kaya suke nufi ga aljihun mai saye

Tambaya: Wata masana'anta a ƙasar Sin ta aiko mini da farashi biyu na kayan lantarki. Ɗaya an rubuta FOB Shanghai, ɗaya kuma CIF tashar jirgin ruwan ƙasarmu, kuma na CIF ɗin ya ɗara da kaɗan ne kawai. A cikin takardun akwai B/L, LCL, THC, HS da maganar dimorej. Wanne zan ɗauka, kuma me waɗannan abubuwa suke nufi?

Amsa:

Malam, kada ka jera farashin nan biyu ka ce za ka ɗauki mai sauƙin, domin ba abu ɗaya suke sayar maka ba. Kusan duk kalmomin da ka lissafo suna amsa tambaya biyu ne. Ta farko, wa zai biya kuɗin wannan mataki? Ta biyu, in kaya suka lalace a daidai nan, asarar wa? Inda sababbin shiga suke tuntuɓe shi ne zaton cewa wanda ya biya kuɗin dako shi ne zai ɗauki asara. Sau da yawa ba haka ba ne, kuma CIF ɗin da ke gabanka shi ne babban misali.

FOB da CIF suna cikin ƙa'idojin da ake kira Incoterms, waɗanda Majalisar Kasuwanci ta Duniya, wato ICC mai hedikwata a birnin Faris, ta fara fitarwa a 1936. An yi ta sabunta su, bugun da ake aiki da shi yanzu shi ne na 2020, kuma ƙa'idoji 11 ne a cikinsa. Ba dokar wata ƙasa ba ce. Ba su hau kanka sai in kun rubuta su a cikin yarjejeniyarku. Ba su kuma faɗi lokacin da kaya suka zama mallakinka ba, ba su faɗi yadda za a biya kuɗi ba. Aikinsu kawai raba ɗawainiya da kuɗi da haɗari tsakanin mai sayarwa da mai saye.

A FOB, mai sayarwa zai kai kaya tasha, ya gama da kwastan na ƙasarsa, ya sa a ɗora su a jirgin da kai ka zaɓa. Da kaya sun hau jirgi ya wanke hannunsa. Kuɗin dakon teku naka ne, inshora taka ce, haɗari ma naka ne. A CIF kuwa shi zai nemi jirgi, ya biya dako har tashar ƙasarku, ya kuma sayi inshora. To amma haɗarin fa? A wuri ɗaya yake komawa kanka da na FOB, wato lokacin da kaya suka hau jirgi a Shanghai. In jirgi ya nutse a tsakiyar teku, mai sayarwa ya cika alkawarinsa, kuɗinsa ya halatta, kai za ka bi kamfanin inshora. Sunan tashar ƙasarku da aka rubuta bayan CIF yana nuna iyakar kuɗin dako ne, ba iyakar alhakinsa ba. CFR ma haka take, sai dai ita babu inshora a ciki.

Inshorar da CIF ta wajabta ma ita ce mafi ƙanƙanta. A kasuwar inshorar kaya akwai sharuɗɗa kashi uku da aka fi sani, A da B da C. CIF tana neman C ne kawai, a kan kashi 110 cikin 100 na ƙimar kaya. Sharaɗin C yana biyan manyan masifu: gobara, fashewa, nutsewar jirgi, karo, kafewa a tudu, da zubar da kaya cikin teku don ceton jirgi. Ba ya biyan sata. Ba ya biyan ruwan da ya yoyo ta rufin kwantena, ba ya biyan abin da ya fashe wajen ɗagawa da saukewa. Ga kayan lantarki kuwa waɗannan su ne asarar da aka fi yi. Sharaɗin A shi ne mai faɗi, ko da yake shi ma ya cire jinkiri, da rashin kyawun ɗauri, da lalacewar da ta taso daga ɗabi'ar kayan. Yaƙi da yajin aiki kuma daban ake sayen kariyarsu.

Akwai kuma abin da takardar farashi ba za ta nuna maka ba. Ka ce na CIF ya ɗara da kaɗan ne kawai, kuma wannan ne ya sa na ƙara zarginsa. A ƙananan kaya da ake haɗawa da na wasu, akwai dillalan jigila da suke ba mai sayarwa dako a kusan kyauta, sa'an nan wakilinsu na tashar sauka ya fanshe kuɗin daga wuyan mai saye da sunan kuɗin sauke kaya, kuɗin takarda, kuɗin sakin kaya da sauransu. Kai ba ka zaɓi wannan wakili ba, ba ka yi ciniki da shi ba, kuma kayanka suna hannunsa. Araha ba ta ado. Shi ya sa ni a ganina, in kana da dillalin jigila da ka yarda da shi, ka ɗauki FOB, ka nemi ya rubuto maka dukan kuɗaɗen daga Shanghai har ƙofar sitonka, ka sayi inshorar sharaɗin A da kanka. In kuwa dole sai CIF, kada ka biya sisi sai an ba ka jerin kuɗaɗen tashar sauka a rubuce, kuma ka nemi a ɗaga inshorar zuwa A ko da za ka cika bambancin.

Masana za su ce maka FOB da CIF da CFR an yi su ne don kayan da ake zubawa ko ɗorawa kai tsaye a jirgin ruwa, irin su ma'adinai da manyan injuna, ba don kwantena ba. Gaskiyarsu. Kwantena ana miƙa ta ne a filin tasha kwanaki kafin ta hau jirgi, kuma a waɗannan kwanaki ta bar hannun mai sayarwa amma haɗarinta yana kansa. Tsunamin da ya afka wa Japan a 2011 ya lalata kwantenoni masu yawa a filin tasha, abin da ya tuna wa masu fitar da kaya wannan giɓi. Don haka ICC take ba da shawarar FCA a madadin FOB, da CIP a madadin CIF, inda haɗari yake komawa kan mai saye da zarar an miƙa kaya ga mai dako na farko. CIP ta bugun 2020 tana wajabta inshorar A, wanda ya sa ta fi CIF nesa ba kusa ba. Duk da haka kasuwa ta saba da FOB, kuma a matsayinka na mai saye ba ta cutar da kai.

Sauran biyun da za ka yawan gani su ne na gefe da gefe. EXW na nufin ka zo ƙofar masana'anta ka kwashi kayanka, har takardun fitarwa a ƙasar da ba taka ba suna kanka, abin da kan gagari baƙo. DDP kuwa mai sayarwa ne zai kawo har ƙofarka ya biya kuɗin fito. Tana da daɗin ji, amma ka tambayi da sunan wa aka shigo da kayan kuma nawa aka bayyana wa kwastan, domin in an yi ƙarya a can, kai ne kake riƙe da kayan. Kowacce ka zaɓa, a rubuta ta cikakkiya: FOB Shanghai, Incoterms 2020. Shekarar tana da amfani, musamman in kana hulɗa da Amurkawa, domin a cinikinsu na cikin gida suna amfani da FOB da wata ma'ana dabam, har su jingina ta ga wurin sauke kaya.

LCL na nufin kayanka ba su cika kwantena ba, za a haɗa su da na wasu a ɗakin haɗa kaya da ake kira CFS. FCL kuwa kwantena taka ce kai kaɗai, ko ka cika ta ko ba ka cika ba. Kwantena mai ƙafa 20 ita ce ma'aunin da ake kira TEU, mai ƙafa 40 kuma TEU biyu ce. Cikin ta ƙafa 20 kusan mita kubik 33 ne, ta 40 kusan 67, doguwarta da ake rubuta wa HC, mai tsayin ƙafa 9 da inci 6, kusan 76. Waɗannan lissafin takarda ne. Kwalaye ba sa zama daidai ba giɓi, don haka kada ka sa ran fiye da 27 ko 28 a ƙaramar. Abin mamaki, duk wannan tsari bai tsufa ba. A ranar 26 ga Afrilu 1956 ne wani mai kamfanin tireloli, Malcom McLean, ya ɗora akwatuna 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka. Yau manyan jirage suna ɗaukar TEU 24,000.

Kuɗin LCL ana lissafa shi da abin da ake rubutawa W/M, wato nauyi ko girma, duk wanda ya fi. Mita kubik ɗaya ana daidaita shi da kilo 1,000. In kayanka mita kubik 3 ne masu nauyin kilo 800, za ka biya na 3. In mita kubik 2 ne amma nauyinsu tan 4, za ka biya na 4. A jirgin sama ma haka ne, da ma'auni dabam: a ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a raba da 6,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 ya zama kilo 20 ke nan, ko da a kan sikeli kilo 12 ne. Kamfanonin aika saƙon gaggawa da yawa da 5,000 suke rabawa, wanda ya fi tsada. Shawarata, kayanka in sun doshi mita kubik 15, ka tambayi farashin kwantena sukutum. Sau da yawa in an haɗa kuɗaɗen tashar sauka sai ka ga ita ta fi sauƙi, ga shi hannaye kaɗan ne za su taɓa kayan.

Yanzu B/L, wadda 'yan kasuwa suke kira bil of ledin, takardar lodi. A duk takardun nan babu kamarta, domin aiki uku take yi. Rasit ce da ke nuna mai jirgi ya karɓi kaya. Shaida ce ta yarjejeniyar dako, kuma sharuɗɗan suna bayanta da ƙananan haruffan da ba kowa ke karantawa ba. Na uku, ita ce makullin kayan: wanda ya riƙe ta bisa ƙa'ida shi ake miƙa wa kaya a tashar sauka. An saba fitar da na asali guda uku, da an gabatar da ɗaya sauran biyun sun mutu. Ma'anar wannan gare ka ita ce, ko da jirgi ya iso, kwantena tana gabanka kana kallo, in takardar tana hannun mai sayarwa ba ka da iko da komai. Da wannan ne ake tsara biyan kuɗi: ka ba da kafin alƙalami, a yi lodi, a turo maka hoton takardar, ka cika ragowar, sa'an nan a sakar maka ta asali.

Ka duba gurabe uku a fuskarta. Akwai mai aikowa, akwai mai karɓa, akwai wanda za a sanar in jirgi ya iso. In an rubuta sunanka a gurbin mai karɓa, kai kaɗai za a ba. In an rubuta cewa bisa umarnin wane ko umarnin banki, to takardar tana iya sauya hannu ta hanyar sa hannu a bayanta, har a sayar da kayan suna kan ruwa. Kasancewar sunanka a gurbi na uku ba ya ba ka ikon komai, sanarwa ce kawai. Kuskuren harafi ɗaya a suna ko lambar kwantena yana iya tsayar da kaya, gyara kuma bayan jirgi ya tashi da kuɗi ake yi. Don haka ka nemi a turo maka daftarinta ka karanta kafin a buga. Lambar kwantena haruffa 4 ce da lambobi 7, na ƙarshen na tantance sauran ne. Ka gwada ta da lambar hatimin ƙofa da abin da ke takardar jerin kaya.

Ba dole ne takarda ta bi jirgin sama ta same ka ba. Akwai sakin teleks, inda mai sayarwa zai mayar da na asali ga ofishin mai jirgi a tashar lodi, su kuma su aika wa ofishinsu na tashar sauka cewa a sake maka. Akwai kuma webil na teku, wanda ba makullin kaya ba ne sam, mai karɓa zai nuna shaidar ko shi wane ne a ba shi. Wannan na waɗanda suka riga suka yarda da juna ne. Takardar jirgin sama, AWB, ita ma haka take. In dillalin jigila ne ya yi maka aiki, za ka ga B/L iri biyu: babba wadda kamfanin jirgi ya ba dillalin, da ƙarama wadda dillalin ya ba ka. Hatsarin a nan shi ne in dillalin bai biya kamfanin jirgi ba, ƙaramar takardarka ba za ta buɗe ƙofar tasha ba ko da ka biya shi tsaf. Wani abu kuma, a kwantenar da mai sayarwa ya loda da kansa, mai jirgi kan rubuta cewa an ce akwai kaza a ciki, lodi da ƙidaya na mai aikowa ne. Wato shi bai gani ba. B/L ba za ta tabbatar maka cewa abin da ka saya ne a ciki ba. Wannan aikin kamfanin duba kaya ne da za ka ɗauka ya je kafin a rufe ƙofa.

In ciniki ya yi girma za a kawo maganar L/C, takardar lamunin banki, wadda ke tafiya bisa ƙa'idojin UCP 600 da suka fara aiki a 2007. Banki takardu yake dubawa, ba kaya ba. In takardu sun dace zai biya ko da duwatsu ne a kwantena, in ba su dace ba zai iya ƙi ko da kaya lafiya lau suke. Yana da kwanakin aiki 5 ya yanke hukunci.

THC kuɗin ɗagawa da saukewa ne a filin tasha, kuma sau biyu ake biya, a tashar lodi da ta sauka. A FOB na tashar lodi na mai sayarwa ne, ka lura kada a cusa maka shi. Na tashar sauka galibi naka ne ko a CIF, sai in yarjejeniyar dakon ta haɗa da shi. BAF ƙarin kuɗin mai ne, wanda ya daɗa nauyi tun 1 ga Janairu 2020 da Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta rage sinadarin sulfa da aka yarda a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100. CAF na sauyin darajar kuɗi ne, PSS na lokacin cunkoson kaya. Kada ka ɓata lokaci kana jayayya a kan kowanne. Ka ce a ba ka jimla, da ranar da farashin zai daina aiki.

Dimorej ita ce ta fi cin mutane, kuma kusan kullum laifin takarda ne ba na jirgi ba. Kwantena ba taka ba ce, aro aka ba ka. Mai jirgi yana ba ka wasu kwanaki kyauta bayan an sauke ta. In suka ƙare kwantena tana cikin tasha da kaya, dimorej ta fara. In ka fitar da ita amma ba ka mayar da ita fanko a kan lokaci ba, wannan ditenshon ce. Akwai na uku, kuɗin ajiya, wanda masu filin tasha suke karɓa saboda wurin da ta tare, kuma shi dabam yake tafiya, yana iya gudana tare da dimorej a rana guda. Kuɗin kowace rana ba ya tsayawa wuri ɗaya, hawa-hawa yake yi, na mako na biyu ya fi na farko, na uku ya fi na biyu. Kwanakin kuma galibi har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu ake ƙirgawa. Agogon bai san cewa takardarka ta maƙale a banki ba, bai san kwastan sun ware kwantenarka don bincike ba. Da haka ne ake kai wa inda tarar ta zarce ƙimar kaya, mai kaya ya gudu ya bar su, kuma gudun ba ya goge bashin. Lokacin neman ƙarin kwanakin kyauta shi ne lokacin da ake kama gurbi a jirgi, sa'ad da suke son cinikinka, kuma a rubuta adadin a takardar kama gurbin ko a jikin B/L. Bayan jirgi ya iso, roƙo ne kawai ya rage. Nan ma FOB ta fi, domin kai ne mai ciniki da mai jirgi. A CIF mai sayarwa ba ruwansa da kwana nawa aka ba ka. Ka kuma ɗauki hoton kwantena ciki da waje kafin ka mayar, saboda kuɗin gyara da wanki da ake iya ɗora maka.

Kada ka dogara da ETA, ranar da ake sa ran isowa. Hasashe ne, mai jirgi bai yi alkawarinta ba. Kaya da yawa ba sa tafiya kai tsaye, ana sauke su a wata babbar tasha kamar Singafo ko Tanja a Maroko ko Jabal Ali a Dubai su jira wani jirgi, wani lokaci kuma jirgi ya cika a bar kwantenarka sai na mako mai zuwa. Ka tambaya tun farko ko tafiyar ta kai tsaye ce.

Za ka iya cewa, in kaya sun lalace a hannun mai jirgi ai shi zai biya, me ya kawo inshora? Zai biya, amma kaɗan. Yarjejeniyar Hague ta 1924 da gyare-gyarenta na 1968 da 1979, waɗanda ƙasashe da yawa suke bi, sun ƙayyade diyya a SDR 666.67 kan kowane ƙunshi ko SDR 2 kan kowane kilo, duk wanda ya fi. SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Lamuni na Duniya, darajarsa ta ɗan haura dala ɗaya. Dokar Amurka ta 1936 ta sa dala 500 kan ƙunshi. Ka auna wannan da kwalin wayoyi. Akwai dabara a nan: in B/L ta lissafa yawan kwalayen da ke cikin kwantena, kowane kwali ƙunshi ne, in kuwa ta ce kwantena ɗaya kawai, ana iya ɗaukar ta dungurungum a matsayin ƙunshi guda. Ban da haka, waɗannan ƙa'idoji sun yafe wa mai jirgi abubuwa da dama, har da kuskuren matuƙa wajen tuƙi, da gobarar da ba da laifinsa kai tsaye ta tashi ba.

Sai kuma GA, asarar gama-gari, wadda ke ba sabon ɗan kasuwa mamaki fiye da komai. Tsohuwar doka ce ta teku tun zamanin mutanen tsibirin Rodes, yanzu kuma ƙa'idojin York da Antwerp ne suke tsara ta. In jirgi ya shiga haɗari aka sadaukar da wani abu ko aka kashe kuɗi don a ceci kowa, to duk wanda aka ceci dukiyarsa zai sa hannu a aljihu gwargwadon ƙimarta. A taƙaice, a ce jirgi da kayansa sun kai dala miliyan 100, aka yi asarar miliyan 10 wajen ceto, kowa zai ba da kashi 10 cikin 100. Mai kayan dala 50,000 zai biya 5,000, ko da ko ƙwarzane babu a kwalayensa. Haka aka yi da jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a watan Maris 2021. Masu shi sun ayyana GA, hukumomin Masar suka riƙe jirgin har watan Yuli. Mai inshora, kamfaninsa zai ba da takardar lamuni a sakar masa kaya. Marar inshora sai ya ajiye tsabar kuɗi, kuma lissafin ƙarshe yana iya ɗaukar shekaru.

HS lambar da kwastan suke gane kaya da ita ce. Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Beljiyam ce take kula da tsarin tun 1988, kuma ƙasashe da yankuna fiye da 200 suna amfani da shi. Lambobi 6 na farko iri ɗaya ne a ko'ina, kowace ƙasa kuma tana ƙara nata a baya. Wayar hannu ta zamani, misali, 8517.13 ce tun bugun 2022, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma 8471.30. Da wannan lamba ake sanin kuɗin fito da ko ana buƙatar izini na musamman. Kada ka kwafi wadda mai sayarwa ya rubuta ido rufe, domin shi ya zaɓi wadda ta dace da fitarwa a ƙasarsa, alhakin ta shigowa kuwa a kanka yake. Ka kuma sani ƙasashe da yawa suna lissafa kuɗin fito a kan ƙimar CIF, wato kuɗin kaya da dako da inshora, ko da FOB ka saya. Amurka da Kanada da Ostireliya suna cikin masu lissafi ba tare da dakon teku ba. Saboda haka zaɓen FOB ba hanyar rage kuɗin fito ba ce.

Tunda kayan lantarki ne, ka tambaya yau ko akwai batirin litiyam a ciki. Yana cikin aji na 9 na kaya masu haɗari, irin wanda ake caji, wato litiyam-ayon, lambarsa UN3480 in shi kaɗai ne, UN3481 in yana cikin na'ura ko an haɗo shi da ita. Ɓoye shi yana jawo tara mai nauyi, kuma in gobara ta tashi ana iya bin mai kayan da asarar jirgi. Katakon da aka ɗora kaya a kai ma sai yana da tambarin ISPM 15 da ke nuna an gasa shi ko an yi masa feshi, in ba haka ba wasu ƙasashe sukan mayar da kayan. Nauyin kwantena da aka tabbatar, VGM, wajibi ne tun 1 ga Yuli 2016, babu shi babu hawa jirgi. Wannan aikin wanda sunansa yake gurbin mai aikowa ne.

Ranar da kaya suka iso hannunka, ka duba hatimi kafin a yanke, ka gwada lambarsa da ta B/L, ka ɗauki hoto. In akwai ɓarnar da ido ke gani, ka rubuta ta a takardar karɓa kafin ka sa hannu, kada ka yarda da direban da zai ce ka sa hannu a gyara daga baya. Wadda ba ta bayyana ba sai an buɗe kwalaye, ƙa'idojin Hague sun ba ka kwana 3 ka sanar da mai jirgi a rubuce, in ka wuce za a ɗauka lafiya aka miƙa maka, sai ka kawo hujjar akasin haka. Ka kira kamfanin inshora a ranar su turo mai duba ɓarna, kada ka zubar da kwali ko ɗaya kafin ya zo. Damar kai mai jirgi ƙara kuma shekara ɗaya ce daga ranar miƙa kaya, wasiƙun da kuke ta musaya ba sa tsayar da ita sai in ya amince da ƙarin lokaci a rubuce.